'Yan Wasan da Malam Bitrus Ya Ba Ni Aro

Kun tashi a gidan nan kuna jin ana cewa Malam Bitrus ne ya gina mini ramin mugunta. Kun ji daga bakin Baffanku Alhaji Tanko, Allah ya jiƙansa, kun ji a kwata wurin mahauta, kun ji a ƙofar masallaci, har na taɓa jin ɗayanku yana biya wa abokinsa labarin kamar karatun allo, ban hana shi ba. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, likita kuma ya raba ni da gishiri da jan nama, wanda ga ɗan mahauta wannan sammaci ne. Saboda haka zan tsallake makarantun da na yi da garuruwan da na zaga, ba abin da za su ƙara muku, in tsaya a kan shekara guda, shekarar da kwalejinmu ta bar tsohuwar gasar ƙwallo ta koma ta talabijin. Mutumin nan bai cuce ni ba, ni na cuce shi, kuma ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne shugaban kwalejin da mahautan Agege suka gina wa 'ya'yansu, ni ne kuma mai kula da wasanni, don ba mu da halin ɗaukar mutum biyu. Muna da ajin safe na yaran unguwa, muna da ajin yamma na samarin da ke zuwa ci-rani daga arewa, masu tura kurar ruwa da 'yan okada masu haya da babur da masu dako a kwata, waɗanda ke son koyon karatu in sun tashi daga aiki. A ajin yamman nan 'yan ƙwallonmu na gaske suke. Wanda ya wuni yana tura jarka goma sha biyu, gudun minti casa'in ba ya ce masa komai. Makarantu shida ne muke gasa a tsakaninmu, duk na unguwannin Hausawa: tamu, da ta Idi-Araba, da ta Mile 12, da ta Obalende, da ta Alaba, sai ta Malam Bitrus da ke ƙetaren layin dogo, tafiyar minti goma daga ƙofarmu. Shi mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo, mai magana a hankali kamar yana ɗora kowace kalma a sikeli. Koyarwa ta kawo shi Legas, ya buɗe tasa makarantar a gidan haya, kuma yawancin ɗalibansa 'ya'yan Musulmin Agege ne, saboda ya iya koyar da lissafi.

Gasar tana da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, muna ce mata aro. Da zarar ruwan farko ya sauka a arewa, 'yan ci-rani sai su ɗaure kaya su tafi shuka, ba sallama ba komai, ka wayi gari 'yan wasanka saura bakwai. Maimakon a fasa wasa, sai malaman biyu su tsaya a tsakiyar fili su ƙirga, mai rara ya cika wa wanda ya gaza. Yaron da aka bayar aro yakan tuɓe rigar makarantarsu ya sa ta abokan karawa, kuma babban abin kunya ne a ga ya yi wasa da sanyin jiki. Akwai shekarar da na ba Malam Bitrus aron ɗan wani mahauci, yaron ya zura mana ƙwallo biyu, muka rasa kofi muna ji muna gani. Ubansa ya yi masa kyautar cinyar rago a gaban jama'a, ya ce ya fitar da shi kunya. In an tashi wasa kuma, masu masauki su kawo burodin Agege da wake, a zauna a gindin katanga a ci tare, da wanda ya ci da wanda aka ci. Haka muka yi shekara da shekaru, ba mu taɓa fasa wasa ko ɗaya ba.

Ana nan sai ga wani saurayi da kwat da jakar hannu a ofishina, ya ce daga wani gidan talabijin yake. Za su haɗa sabuwar gasa ta manyan kwalejoji, na Ikeja da Surulere da Yaba, a riƙa nuna wasa kai tsaye duk Asabar, kowace makaranta kuma tana da kasonta daga kuɗin talla a ƙarshen zangon karatu. Suna neman makaranta ɗaya daga ɓangaren Hausawa, domin a cewarsa 'yan arewa ba sa wasa da kallon ƙwallo, kuma masu talla sun san da haka. Mu suka zaɓa saboda filinmu ne kaɗai ke da katanga da wurin kafa kamara. Sharaɗin shi ne mu fita daga tsohuwar gasa, tunda Asabar ta zama tasu. Na tambaye shi ko za a iya haɗawa da makarantar Malam Bitrus. Ya yi murmushi irin na mutanen ofis, ya amsa mini da Turancin Legas.

"Oga, gurbi ɗaya ne. In ba ku so, Idi-Araba suna jira."

Na kawo maganar gida ranar Lahadi, Baffanku ya zo cin abincin rana kamar yadda ya saba. Shi ne shugaban kwamitin makaranta, shi ne kuma yayana, wato in ya yi magana a kwamiti ban isa in musa ba, in ya yi a gida ma haka. Tun kafin in rufe baki ya ajiye cokali.

"Hamisu, wannan har wata shawara yake buƙata? Aji uku suna yoyo, malamanka kullum barazanar tafiya suke yi. An kawo maka nama har gida kana tambayar wa ya yanka."

Mahaifiyarku, haifaffiyar Agege, wadda in ranta ya ɓaci da Yarbanci take faɗa don kada in gane duka, ta leƙo daga kicin.

"Yaya Alhaji, shebi, ba makarantu shida ba ne a gasar? In Malam ya fita, sauran fa? Ai ka cire dutse ɗaya a murhu, tukunya kifewa take yi."

"Ladidi, makarantar mutane ce a wuyansa ko tamu?"

"Ni dai na faɗi nawa o. Kuɗin talabijin ɗin nan dai, ba don Allah za su ba ku ba."

Ba zan ɓoye muku ba, ba rufin aji ne kaɗai ya ja ni ba. Ina so a ga fuskata a talabijin, a gan ni har Kano, 'yan'uwan da ke cewa na ɓata a kurmi su gani da idonsu. Ranar Talata na sa hannu. Littafin dokokinsu mai kauri na jefa shi a durowa ban ko buɗe ba, don a ganina ƙwallo ƙwallo ce, na fi shekara ashirin a harkarta, ba wani yaro mai kwat da zai koya mini. Na tsallaka layin dogo na gaya wa Malam Bitrus da bakina, wannan kam na yi. Ya saurare ni har na gama, yana juya alli a hannu.

"To, Malam Hamisu, Allah ya sa alheri ne. Yara za su ji daɗi."

Kafin zangon ya ƙare, Idi-Araba da Obalende sun ga abin da muka samu, suka bi wata gasar da wata tashar talabijin ta haɗa. Aka bar makarantu uku, kowace a nata ƙarshen gari, gasar ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Yaran Malam Bitrus suka koma buga ƙwallo a tsakaninsu a wani fili bayan tasha, ranar Asabar kuma su taru a gidan kallo su kalli namu.

Watannin farko kam mun sha daɗi. An ɗauki hoton kowane ɗan wasa an yi masa kati, an ba mu riguna masu sunan wani lemo a ƙirji. Kason farko ya shigo, aka rufe aji uku da sabon kwano, malamai suka daina ɗaure mini fuska. Mahauta sukan wanke tebur da wuri ranar Asabar don kada wasa ya wuce su. Gwaggona ta bugo waya daga Kano ta ce ta gan ni ina yi wa alƙalin wasa tsawa, ta ce na yi ƙiba. Abin da na manta shi ne masu tsara jadawalin nan ba su san damina ba, a wurinsu ruwa abu ne da ke hana danfo, motar haya, tafiya. Wata Laraba na shiga ajin yamma na tarar da benci biyu ba kowa. An yi ruwa a Katsina da Jigawa. Mutum shida cikin 'yan wasana goma sha huɗu sun bi motocin shanu da suka juya arewa, har da mai tsaron gida. Ranar Asabar muna da wasa a Surulere, kuma da na kira saurayin mai kwat sai ya ce duk makarantar da ta kasa fito da mutum goma sha ɗaya ta rasa kason zangon baki ɗaya.

Sabo turken wawa. Washegari ƙafata da kanta ta tsallaka layin dogo. Na tarar da Malam Bitrus yana gyaran benci a tsakar makaranta, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye har ya ajiye guduma.

"Ruwa ya sauka ko?"

"Ya sauka, Malam. Mutum takwas suka rage mini."

"Na ji an ce motocin shanu sun cika jiya. Malam Hamisu, wannan gasar ba irin tamu ba ce fa. Mutanen nan suna da hoto, suna da kati. Ka je ka gaya musu gaskiya, ka ce yaranka manoma ne, su ɗaga maka wasan."

"Ba za su ɗaga ba. Kuma wa zai tsaya duba fuskar yaro a kati? A wurinsu duk Bahaushe kamarsa ɗaya."

"Ni dai raina bai kwanta ba. In abin ya fashe, kai zai fi taɓawa."

"Shekara nawa ina ba ka aro, Malam? Na taɓa ce maka a'a?"

Wannan maganar ita ce wuƙar da na sa masa a wuya, kuma na san abin da nake yi lokacin da na faɗe ta. Sai ya aika aka kira yara uku. Ya gaya musu abin da muka saba gaya wa duk ɗan aro, cewa su yi wasa kamar makarantarsu ce. Ni ya kamata in ƙara musu da cewa su kama bakinsu, amma kunya ta hana ni koya wa ɗaliban mutum ƙarya a gabansa, a cikin mota kuma na shagala da tsara wa zai tsaya a ina.

Mai duba kati ya duba sama-sama kamar yadda na zata. Muka ci ɗaya da nema, kuma wanda ya zura ƙwallon ɗaya ne daga cikin 'yan aro, Ishaku, ɗan wani mai sayar da goro, siriri mai gudun tsiya. Ina can ana rungumata ban lura ba mai gabatarwa ta ja shi gaban kamara, ashe al'adarsu ce a yi hira da gwarzon wasa. Ta kira shi da sunan da ke jikin kati, Sabi'u, wanda a daidai lokacin yana Jigawa a bayan garma. Yaron ya yi dariya ya gyara mata. Ya ce shi Ishaku ne, aronsa aka bayar, yana gaida babansa, yana gaida Malam Bitrus da duk 'yan makarantarsu na ƙetaren layi. Da alfahari ya faɗa, domin a inda ya tashi, a bayar da kai aro ka ci ƙwallo abin tinƙaho ne, ba abin ɓoyewa ba. Duk Agege ta gani kai tsaye, Kano ma ta gani. Ranar Litinin takarda ta iso: an kore mu daga gasar, an soke kason zangon, an ba wata makaranta gurbinmu. Tsohuwar gasa kuma babu ita balle mu koma.

Kwamiti ya zauna a ofishin mahauta da hantsi, bayan an gama yanka, wasu dattawan ko wando ba su sake ba. Magana ɗaya ce a bakin kowa, a sallame ni. Ku shida ne a lokacin, babbanku yana tsakiyar sakandare, auta Zainab ko firamare ba ta shiga ba, gidan da muke ciki kuma na makaranta ne. Sai Baffanku ya miƙe. Ina kyautata masa zaton don ya cece ni ya yi, kuma ya yarda da abin da yake faɗa.

"Jama'a, ku dakata. Gasar wa ta mutu saboda mun fita? Wa ke jin haushinmu a garin nan? Yaro zai tsaya gaban kamara ya ambaci sunan malaminsa haka kawai, ba a kitsa masa ba? Hamisu, faɗa musu. Shi ya turo maka yaran nan ko ba shi ba?"

Duk ido ya dawo kaina. Amsar tana bakina, kuma gajeriya ce: ni na je, ya hana ni, na matsa masa. Sai na sunkuyar da kai.

"Ni dai na bar wa Allah."

Kun san wanda ke faɗin haka, wanda aka zalunta ne. Dattawa suka yi salati, wani ya dafa kafaɗata, aka tashi taro ina nan a kan kujerata. Kafin la'asar magana ta zaga Agege, tana tafe tana ƙara kaya. Nan take aka tuna cewa Malam Bitrus ba Musulmi ba ne, abin da shekara da shekaru bai dami kowa ba. Iyaye suka fara cire 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, da yawa kuma wurina aka kawo su, na karɓa na rubuta sunayensu da hannuna. Mahaifin Ishaku ya yi rantsuwa har ya gaji cewa ba wanda ya kitsa wa ɗansa komai, ba a saurare shi ba. Na yi ta jiran Malam Bitrus ya fito ya kare kansa, har na tanadi abin da zan ce in ya fito, amma bai fito ba. In mun haɗu a hanya yakan gaishe ni kamar da, ni ne nake amsawa ina kallon ƙasa.

Mahaifiyarku kaɗai ta san gaskiya a gidan nan, don ta ga fitata ranar Alhamis ɗin, na kuma gaya mata inda za ni. Ba ta tona mini asiri ba. Amma ranar da ta ji yadda ajujuwansa ke ta raguwa, ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina.

"Malam, abincin nan da kake ci, ka san na wa ne ko?"

"Ladidi, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"Na bar ka. Amma ni na daina bi ta ƙetaren layi. Ba ni da idon da zan kalli matarsa."

Kuma ta daina. In za ta Oshodi sai ta zaga ta hau danfo a wata tashar, haka ta yi ta yi har ta koma ga Allah. Malam Bitrus kuwa shekara biyu ya ƙara yana jan makarantar, sannan ya mayar wa mai gida makullinsa ya koma garinsu. Na san ranar da aka loda kayansa, na san lokacin, na zauna a ofis ina duba takardun jarrabawa. Na ce wa kaina zan yi magana in ƙura ta lafa. Da ta lafa na ce ba zan kunyata Baffanku yana raye ba. Da ya rasu na ce ai magana ta tsufa, tayar da ita ba zai amfani kowa ba. Kwalejinmu ba ta sake shiga wata gasa ba, filin ma daga baya shaguna aka gina a kai.

Bara na je wani asibiti a Ikeja saboda gwiwar nan. Nas ɗin da ta karɓi katina ta duba suna, ta ɗago ta dube ni, sai ta rusuna.

"Baba, ba Malam Hamisu na kwalejin mahauta ba ne? Ni ce Rifkatu, 'yar Malam Bitrus."

Na san ta tana 'yar ƙarama tana raba mana burodi in mun je wasa wurinsu. Na tambayi mahaifinta, ta ce shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Na ce mata akwai maganar da ta daɗe a wuyana, ta zauna in gaya mata. Ba ta zauna ba, ta ci gaba da ɗaura mini abin awon jini a hannu.

"Ai mun sani, Baba. Tun a ranar ya tara mu ya gaya mana yadda aka yi. Yayana ya ce zai je kwata ya faɗa a gaban kowa, Baba ya hana shi. Ya ce Malam Hamisu yana da yara shida a gidan makaranta, in aka kore shi ina za su? Mu uku ne, kuma muna da gona a gida. Ya ce ku ƙyale shi, in yaransa suka gama makaranta da bakinsa zai faɗa."

Ta duba awon ta rubuta, sannan ta kwance.

"Duk wanda ya je gida daga Agege sai Baba ya tambaye shi, autar Malam Hamisu ta gama? Ranar da aka ce masa ta gama, ya sa ƙanena ya riƙa kai masa waya caji kullum a kasuwa, wai kada ku kira ku ji ta a kashe."

Juma'ar da ta biyo na tashi a masallacin kwata bayan sallah na faɗi komai, ban rage ko kalma ba. Dattawan da suka zauna a kwamitin nan duk sun riga mu, saura biyu, ɗaya ba ya ji sosai. Samarin da ke sahu suka yi ta kallona cikin ladabi, har wani ya tambayi na kusa da shi wane ne Bitrus. Sai na gane ba inda ƙaryar nan ta rage da ranta sai a gidana, a bakinku, don ni na bari kuka tashi da ita. Kada in ji ta a bakin jikokina.

Zainab, ke kin san shekarar da kika gama makaranta. Shekara huɗu ya yi a raye bayan nan, kuma duk tsawon lokacin lambarsa tana cikin wayata.